Shitu Lado na Cikin Rajista

Mutanen Anka da suka san Namadi tun yana ƙarami ba su taɓa tsammanin zai zama malamin makaranta ba, shi ma bai sa rai ba. Ɗan gidan maƙera ne, amma bai gaji ƙira ba, abin da ya gada shi ne ƙaiƙayin hannu. Duk abin da aka ajiye kusa da shi, kwaɗon ƙofa ne ko tocila ko agogon kawunsa, sai ya kwance shi ya ga abin da ke ciki. Wani ya mayar da shi daidai, wani kuma ya tashi da ƙusa biyu a hannu bai san inda suka fito ba. Ya sha duka a kan haka har masu dukan suka gaji. Da ya gama firamare bakwai bai sami wucewa gaba ba, sai ya kafa rumfa a bakin kasuwa yana gyaran keke da risho da rediyo, ya yi shekara bakwai a haka.

A shekarar 1976 gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga makaranta, aka waiwaya aka ga babu malaman da za su koyar da su. Sai aka shiga kwasar duk wanda ya taɓa gama firamare kuma rubutunsa yana karantuwa. Namadi ya ba da sunansa, aka yi masa horon shekara guda, aka miƙa masa takarda. Daga ranar ya zama Malam Namadi. Da damina ta ja baya a shekarar 1977 ya ɗora matarsa Uwani da akwatin kayan gyaransa a bayan mota, suka nufi Tungar Maikuɗi, wani ƙauye a ƙasar Gwashi wanda har direban sai da ya yi tambaya sau biyu kafin ya gane hanyarsa.

Makarantar ɗaki biyu ce ta kwano, da hedimasta, Malam Muntari, mutum mai son ƙa'ida da tsoron sufeto. Yadda aka tara ɗaliban kuwa shi ne an ce kowane gida ya kawo yaro ɗaya, na cikin gari da na rugagen Fulanin da ke kewaye. Babu mai takardar haihuwa, don haka yaro zai ɗora hannunsa ta bisa kai ya kamo kunnen ɗaya gefen. In ya kamo, ya isa shiga. In bai kamo ba, ya koma wajen innarsa sai baɗi.

Wani Bafulatani mai suna Lado, wanda rugarsa ke gabas da gari, ya kawo ɗansa Shitu, aka rubuta shi. Shitu ya zo mako uku yana zaune yana kallon taga. Ran Litinin ta huɗu Malam Namadi yana kiran suna, ya ce, "Shitu Lado," sai wata 'yar siririyar murya ta amsa daga can baya. Ya ɗaga kai ya ga wani ɗan mitsitsin yaro a cikin rigar da ta yi masa yawa.

"Kai ne Shitu?"

"A'a, Malam. Ni Hayatu na, ƙanenai. Shitu ya bi shanu. Baba yac ce in taho in amsa mishi."

Malam Namadi ya kama hannunsa ya kai shi gaban hedimasta. Aka ce ya kamo kunne. Yaron ya yi iya ƙoƙarinsa har yana karkata wuya, yatsun ba su kai ba. Malam Muntari ya ce shi ba zai rubuta wanda bai isa ba, amma kuma ba zai kore shi ba, tunda in sufeto ya zo kawuna yake ƙirgawa, kuma kan Hayatu kai ne. Aka bar shi ya zauna a gurbin wansa, kullum da safe a kira Shitu Lado ya amsa.

Ba a yi wata biyu ba Malam Namadi ya gane abin da ya faɗo hannunsa. Shi dai ba ya son koyarwar nan ta a yi ta rera biyu sau biyu huɗu kamar ana waƙar daka. Tsakuwa yake sa yara su tsinto, su zube a ƙasa, su raba. Wata rana ya ce kowa ya raba tsakuwa goma sha biyu kashi-kashi daidai wa daida. Masu ƙoƙari suka yi kashi biyu, suka ɗaga hannu. Hayatu ya yi biyu, ya rushe ya yi uku, ya yi huɗu, ya yi shida, sannan ya ƙara tsakuwa guda a kai ya zauna yana juya su har aka tashi tara. Da Malam Namadi ya zo kansa sai ya ce, "Malam, sha ukku gardama gare ta. Ko ƙaƙa nir raba ta sai guda ta rage. Bakwai ma haka ta. Sha ɗaya ma." Bayan kwana huɗu ya dawo da labarin cewa ya bi masu gardamar har ɗari, ya sami ashirin da biyar. Malam Namadi ya koma gida ya buɗe littafin da aka ba su wajen horo, ya ƙirga, ya ga ashirin da biyar ne. Ya yi zaune da littafin a cinya har Uwani ta tambaye shi ko lafiya.

Daga nan ne ya fara abin da mutanen garin suka sa wa suna ajin la'asar. Yara biyar ya ware, waɗanda ya ga aji yana yi musu kaɗan: Hayatu, da Ladi 'yar wanzami wadda za ta kalli abu sau ɗaya ta zana shi a ƙasa da tsinke, da wasu uku. Bayan sallar la'asar sukan taru a gindin tsamiyar makaranta, ba allo ba bulala. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya gode masa. Wata rana su auna tsawon giginya ba tare da kowa ya hau ba, da sanda da inuwa kawai. Wata rana ya fasa gindin mataccen ƙwan lantarki da ya taho da shi daga Anka, ya cika shi da ruwa, su riƙa kallon ƙafar tururuwa ta cikinsa. Suka ƙera injin ban ruwa da karan dawa da gwangwanin madara, ya yi aiki sau ɗaya ya wargaje, suka kwana uku suna gardamar abin da ya karya shi. In yaro ya tambaye shi dalilin abu, ba ya ba da amsa, sai ya ce, "To, ƙaƙa za mu yi mu gani?" Wasu iyayen suna cewa malamin nan wasan yara ne bai ishe shi ba. Akwai gaskiya a maganarsu.

Da shekara ta zagayo hannun Hayatu ya kamo kunne, Malam Namadi ya hau keke ya tafi rugar Lado don a gyara rajista. Lado dogo ne, mai magana a hankali, ba ya kallon mutum ido cikin ido. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo nono, aka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Sannan ya saurari bayanin duka bai katse ba.

Ya ce, "Malam, gwamnati ɗiya guda tac ce, na ba ta. In kun rubuta Hayatu, Shitu ya zama wanda ba shi zuwa ke nan. Sai a aiko dogari. Randa dogari yat taka wurin ga, wanshekare ba ku iske mu."

Malam Namadi ya san ba barazana ba ce, don ya ga yadda ake tayar da ruga tsakanin asuba da hantsi. Ya auna a ransa: ko ya bar yaron da sunan wansa ya ci gaba da ganinsa kullum, ko ya nace a kan ƙa'ida ya rasa shi gaba ɗaya. Ya zaɓi na farko, kuma duk wanda yake wurinsa a ranar haka zai zaɓa. Ya sha nononsa ya hau kekensa ya koma.

Shekaru suka yi ta tafiya. A aji huɗu Malam Namadi ya fara lura da wani abu da bai gaya wa kowa ba: kafin ajin la'asar sai ya ɓuya a ɗaki bayan azahar ya karanta abin da zai koyar, don kada yaron ya riga shi. Karatunsa na firamare bakwai ne da horon shekara ɗaya, ya san iyakarsa, kuma yana hango ta tana matsowa. Bai ji haushi ba, tsoro ya ji. Ya san in Hayatu ya tsaya a hannunsa, nan da 'yan shekaru ba abin da zai rage ya ba shi. An buɗe wata sabuwar sakandaren kimiyya ta kwana a can birni, inda ake ɗaukar yara kaɗan daga kowace ƙaramar hukuma, akwai malaman da suka yi jami'a da ɗakin gwaje-gwaje. Tun daga lokacin burinsa ya zama guda ɗaya, ya ga Hayatu ya shiga wannan makaranta.

A aji biyar suka yi gwajin wake. Gwangwani shida, ƙasa iri ɗaya, wake iri ɗaya, uku a rana uku a cikin ɗaki. Malam Namadi ya nanata musu cewa in kana son ka san abin da ke sa abu, ka raba shi biyu, ka bar komai daidai, ka sauya abu guda tak, sannan ka zuba ido. Yaran suka ga waken ɗaki ya yi tsawo ya yi fari ya langaɓe, suka yi dariya suka manta. Hayatu ne bai manta ba.

Ranin wannan shekara maruƙan Lado suka fara zawo suna ramewa, uku suka mutu. Aka yi jiƙe-jiƙe, aka yi turare, aka karɓo rubutu, ba sauƙi. Hayatu, yana ɗan shekara goma, ya roƙi ubansa ya bar shi ya raba maruƙan gida biyu. Rabi suka ci gaba da shan ruwan tafkin fadama inda suka saba, rabi kuma ya riƙa jan guga yana shayar da su a rijiyar bakin gari, safe da yamma, har tafin hannunsa ya yi kanta. Kiwo ɗaya, turke ɗaya. Bayan mako uku na rijiya suka miƙe, na tafki biyu suka ƙara mutuwa. Lado ya hana garkensa tafkin, maƙwabtansa suka bi shi.

Malam Namadi ya yi murnar da bai taɓa yi ba. Ya ba da labarin a masallaci, ya ba da shi a kasuwar Gwashi, ya ba wa sufeto, ya ba wa Uwani har ta haddace. Ya je rugar takanas ya ce wa Lado, "Ka gani ko? Ka ga amfanin karatu?" Lado ya gyaɗa kai ya ce ya gani ƙwarai. Daga ranar kuwa in saniya ta ƙi kiwo, ko za a zaɓi inda za a yi mashekari, wato zangon shanu na damina, Lado yakan kira ƙaramin ɗansa ya ji ta bakinsa, abin da Bafulatani ba ya cika yi ba. Malam Namadi ya ɗauka wannan nasara ce.

A 1983 aka yi jarrabawar shiga makarantar a garin Gummi. Malam Muntari ya cike fom da sunan da ke cikin rajista, don ba shi da wani sunan da zai sa. Malam Namadi ya raka yara huɗu a bayan motar kasuwa, ya zauna a gindin bango a waje yana ta kwance ƙararrawar kekensa da ya cusa a aljihu yana mayarwa, har aka fito. Ya tambayi Hayatu yaya, yaron ya ce da sauƙi, sai dai lokacin ya yi yawa.

Takarda ta zo cikin watan Agusta, ana tsakiyar ruwa. Mutum ɗaya aka ɗauka daga duk makarantun ƙasar Gwashi. Malam Namadi bai tsaya cin abinci ba, ya naɗe takardar a leda ya hau keke, inda laka ta hana keke tafiya ya saɓa shi a kafaɗa. Ya iske Lado a bakin turke. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo nono, aka gaisa, shi kuwa kamar ya tashi sama. Da aka gama ya warware takardar ya fassara masa ita layi-layi.

Lado ya ce, "Madalla. Karanta min sunan kuma."

"Shitu Lado."

"To. Shitu za shi tahi."

Malam Namadi ya yi dariya, don ya zaci wasa ne. Da ya ga fuskar mutumin sai dariyar ta tsaya. Ya ce ai Lado ya san wanda ya yi shekara shida a aji, ya san wanda ya zauna jarrabawa. Suna ne kawai, kuma a can ba wanda ya san fuskar kowa. Hayatu zai tafi ya ci gaba da amsa sunan kamar yadda ya saba.

Lado ya ce, "Na sani, Malam. Ni ban iya karatu ba, amma kai kak karanta min da bakinka, Shitu taka kira. Shitu in na bar mishi garke, kwana ukku sun shiga gonar mutane. Ba shi son shanu, shanu ba su son shi. Mota yaka so da birni. Wanga kuwa," ya nuna can inda Hayatu yake ɗaure maraƙi, "da can yaro na ɗauke shi kamar kowane yaro. Kai kan nuna min ko wane na. Yanzu kuma ka ce in ba da shi? In ya tahi, wa za ni bar ma dabbobin ga?"

Malam Namadi ya yi magana mai tsawo a ranar. Ya kawo zancen likitan dabbobi, ya ce yaron zai dawo ya warkar da shanun ƙasar nan duka, ba na gida ɗaya ba. Lado ya tambaye shi shekara nawa, ya ce kamar goma sha biyu. Lado ya ce shi bai san saniyar da za ta jira shekara goma sha biyu ba. Bai ɗaga murya ba, bai kuma ɓata rai ba. Da baƙonsa zai tafi har ya sa aka ba shi man shanu ya kai wa Uwani.

Mako biyu Malam Namadi yana yawo. Ya je wajen Ardo, shugaban Fulanin yankin, Ardo ya ce ɗan mutum nasa ne. Ya je wajen mai gari, mai gari ya ce an nemi yaro ɗaya daga gidan Lado kuma ga shi zai tafi, shi me zai ce? Ya ce wa Malam Muntari zai rubuta wa hukuma gaskiyar magana. Hedimasta ya cire tabarau ya bayyana masa abin da zai biyo baya: za a soke gurbin, su biyun za su amsa tambaya a kan rajistar shekara shida, kuma Hayatu zai kwana a ruga kamar yadda zai kwana in ba a rubuta ba. Ba tambayar ce ta tsayar da Malam Namadi ba, don ya riga ya shirya komawa gyaran keke. Abin da ya tsayar da shi shi ne ya duba ta ko'ina bai ga yadda wasiƙar za ta sa yaron a mota ba.

Daga ƙarshe ya tare Hayatu a hanyar rijiya ya tambaye shi ko yana son tafiya. Yaron ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da sandarsa, ya ce, "Abin da Baba yac ce." Can ya ce, "Malam, da gaske akwai ɗakin gwaji can?" Malam Namadi ya ce akwai. Yaron ya ce to, ya kora shanunsa.

Lado ya aiko a roƙi Malam ya ɗan gyara Shitu kafin tafiya, tunda baƙaƙe kawai ya sani. Malam Namadi ya ce a gaya masa ba zai yi ba. Ya yi kwana biyar yana fushi, Uwani tana ajiye masa tuwo tana ɗauke shi kusan yadda ta kawo. A rana ta shida ya bi ta bayan fadama sai ya hango 'yan'uwan biyu a gindin marke, shanu suna kiwo. Hayatu ya share ƙasa ya zube tsakuwa, Shitu, saurayi ɗan shekara goma sha huɗu, ya durƙusa yana raba su yana zufa. In ya yi kuskure ƙanen ba ya gyara masa, sai ya ce ya sake dubawa. Malam Namadi ya tsaya ya jima yana kallo, kunya ta kama shi. Washegari ya aika a ce Shitu ya riƙa zuwa da safe.

Shitu ba daƙiƙi ba ne, yaro ne kamar sauran yara, kuma ya san sarai gurbin wa zai shiga. Ya yi ƙoƙari iyakar ƙarfinsa. Ran tafiya Hayatu ne ya ɗauko masa akwati a ka har bakin mota, da takardar shaidar gama firamare a ciki, ita ma da sunan Shitu Lado. Malam Namadi bai raka shi birni ba, Malam Muntari ne ya kai shi.

Ba a kori Shitu ba. Ya maimaita aji ɗaya, ya riƙa zuwa na kusa da ƙarshe, ya yi suna a gudu da ƙwallo. Malaman can sun yi mamakin yadda wanda ya ci jarrabawa haka ya koma haka, amma sun saba ganin yaran ƙauye suna rikicewa a birni, ba su bi diddigi ba. Duk hutu yakan dawo da littattafansa ya zube wa ƙanensa, shi kuma ya tafi tasha wajen direbobi.

Malam Namadi ya ci gaba da zama a Tungar Maikuɗi. An yi masa tayin canji zuwa Anka sau biyu bai karɓa ba. Ajin la'asar bai mutu ba, wasu yaran suna fita wasu suna shiga. Ladi ta wuce makarantar horon malamai ta mata, ita ce mace ta farko daga garin. Ya ɗan rage surutu, kuma bai ƙara ba da labarin wani ɗalibinsa a masallaci ba. Hayatu yakan leƙo jefi-jefi in shanu suna kusa, da littafin wansa a cikin jakar fata, su zauna su yi lissafi. A shekarar farko Malam Namadi yana gaba. A ta biyu suna tafiya tare, wani lokaci ma yaron ne ke jira.

Wata ranar Laraba cikin kakar 1986, an tashi makaranta, Malam Namadi yana gindin tsamiya yana liƙe tayar keke, sai ga Hayatu. Ya yi tsawo, muryarsa ta fara buɗewa. Ya bar shanu a gonar da aka girbe a bayan makaranta, inda yake iya hango su. Ya gaishe da malaminsa, ya durƙusa, ya fito da wani littafin lissafi mai kauri wanda bangonsa ya sha man shanu. Ya buɗe wajen tsakiya.

"Malam, na yi babi takwas ni ɗai. Wanga na tara ya tsai da ni. Wata biyu ina kai."

Malam Namadi ya goge hannu a riga ya karɓa. Zanen kusurwoyi ne da haruffa, da wasu gajerun kalmomi da bai taɓa gani ba, da jerin lambobi a bayan littafi da ake ta cewa a duba. Ya karanta shafin daga sama har ƙasa. Ya koma baya shafi biyu ya sake biyowa. Ya ɗauki tsinke ya zana kusurwar a ƙasa, ya dube ta, ya share. Yaron yana durƙushe yana jira. Ya daɗe da sanin wannan rana za ta zo, amma sanin bai rage masa zafinta ba.

Ya rufe littafin ya ce, "Ban san shi ba, Hayatu. Ba a koya min ba. Nawa nan yat tsaya."

"To wa yas sani?"

"Malamman su Shitu."

Hayatu ya gyaɗa kai. Ya ce, "Na aike shi wancan hutu ya tambayo min. Yac ce ya tambaya. Malamin ya ji daɗi ƙwarai, yac ce tun da Shitu yaz zo makarantar bai taɓa tambaya mai kyau irin wagga ba. Ya tsai da darasi, ya cika allo da bayani har anka kaɗa ƙararrawa."

"To, mi yac ce?"

"Shitu bai riƙe ba."

Hayatu ya karɓi littafin ya mayar cikin jaka, ya ce a gaida Inna Uwani. Wata saniya ta fara nufar gonar da ba a girbe ba, ya ɗauki sandarsa ya ruga ya tare ta.